Gawon da Na Sa Aka Sare

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Ƙofar Kwaya nake rubuto laifina.

Marigayi maigidana ma'aikacin binciken ƙasar noma ne. Ya sha ce mini, "Hajiya, gawon nan ke riƙe da gonarmu ta Batagarawa." Da sadakar arba'in ɗinsa ta matso, babu itacen girki, na sa aka sare shi. Baƙi suka ci suka watse. Iska ta kwashe ƙasar wurin, gero ya daina yi.

Na yi wa Allah alkawarin raya goma a madadinsa. Ni kaɗai nake zuwa ban ruwa, babu mai raka ni. Masu sauraro, me ke raya dashe a rairayi? Biyu kawai suka rayu. Ban cika alkawarina ba.