Layin Tanderu Ranar Kirsimeti

Safiyar Kirsimeti, a ƙofar wani gidan burodi a Landan, talakawa marasa tanderu sun yi layi domin a gasa musu abincin biki. Wani dattijo mai ɗauke da naman tsuntsun dinya a faranti ya waiwayi matar da ke bayansa da 'yar tukunyarta.

"Baiwar Allah, kin san a nan aka samo labarin da ake karanta wa yara? Na mugun mai burodin da ya ƙi karɓar tukunyar wata gwauruwa, daga baya ya tuba ya ciyar da unguwa."

"Tanderun ne ya cika, ba mugunta ba ce. Marubucin yana cikin layi, ya gani, bai tambaya ba."

"Haba, ai labarin ya ƙare lafiya! Ni har hawaye na yi."

"A takarda ya ƙare lafiya. A unguwa aka daina sayen burodinsa, yara suka riƙa jifan tagarsa. Kafin shekara ta zagayo an binne shi."

Dattijon ya gyara riƙon farantinsa. "Ke wa ya faɗa miki?"

"Ni na shafa wa ƙofar nan fenti shekarar da mai burodin ya aure ni. Matsa gaba, dattijo, layi ya tafi."