Gorar Ruwa a Bukit Jalil

A zauren jiran allurar korona a Bukit Jalil, can ƙasar waje, wata hajiya ta ji Kamila tana waya da Hausa, sai ta miƙo mata gorar ruwa.

"Sha, 'yar nan, muryarki ta bushe. Ko azumi kike?"

"A'a, Hajiya. In zan fita ba na shan ruwa, don kar banɗaki ya kama ni."

"Ai na nan tsaf-tsaf suke."

Kamila ta juyo mata katin shaidarta. Sunan da ke jiki Zulkiflu ne.

"A banɗakin maza an taɓa mari na. A na mata kuma, mai gadi ake kira min. A Kano yayata ce ke tsaya min a ƙofa, tana yi min hira har in fito. Shekara biyu ke nan rabona da ita, ba jirgi saboda korona."

Hajiya ta daɗe tana kallon katin.

"Gaskiya ni ban gane wannan al'amari ba. Amma tsayuwa a ƙofa dai na iya. Wace hira take miki?"

"Tsadar tumatir."

"To sha ruwanki. A nan ma tumatir ya yi tsada."