Sun Ce Tsufa Ne, Har Aka Yanke Mini Yatsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Umaru, manomin albasa daga Danchadi. Ina roƙo a karanta wannan, tsofaffi 'yan'uwana su ji.

Shekara biyu ke nan da na fara jin ciwo a naman bayan ƙafata idan ina tafiya fadama. Kafin in kai rabin hanya sai ya ɗaure tamau. In na tsaya kaɗan ya saki, in na ci gaba ya dawo. Na gaya wa 'ya'yana maza uku. Babban ya ce, "Baba, tsuhwa na, ka yi haƙuri." Mai kemis ya ce sanyi ne, ya ba ni man shafawa. Abokaina har dariya suke yi, wai ƙyuya ta kama ni.

Sai da ƙaya ta soke ni a babban yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa har ya yi baƙi, sannan ɗiyata Hadiza ta zo daga Shagari ta kai ni asibiti. Likita ya ce jini ba ya isa ƙafar sosai, hanyoyinsa sun tsuke saboda ciwon suga da tabar da na daɗe ina sha. Ya ce, "Baba, da kun zo da wuri, da ba sai mun yanke yatsan ba."

An yanke yatsan. Bana ban shuka albasa ba. 'Ya'yan nawa maza sun zo dubiya, babu wanda ya iya kallon ƙafar.

Malam, ku ba ni shawara: yaya zan yi in daina jin haushinsu? Ina gaida Hadiza, Allah ya yi mata albarka.