Ɗan Ramin da Ya Karɓo Mini Takardata

Kuɗin motar da ta kai ni Legas daga albasa suka fito. Baba ne ya sayar da buhunan da ya ɓoye yana jiran su yi tsada, ya damƙa mini a bakin kanal ɗin nan da kuke zaune. Ya ce, "Ka ce digirinka a kan ruwa ka yi. To je ka, mu ga ruwan." Kai Sadiƙu, ajiye wayar nan. Kai ka fi kowa zumuɗin tafiya, kai ya kamata ka fi kowa buɗe kunne.

Na tafi da littafi guda cike da zane: famfo mai aiki da hasken rana, matatar ruwan kwata, dabaru iri-iri. A zatona ina sauka za a yi ta rububina. Wata uku ina yawo da ambulan, tafin takalmina ya cinye. Mai gidan da na kama ɗaki kuwa kwaɗo yake sa wa famfo. Na ce, "Baba, alwala fa?" Ya ce, "Sau nawa?" Na ce biyar. Ya ce, "To ka koma wanka da yawu." Injiniyan ruwa ke nan, yana roƙon buta ɗaya.

A ƙarshe na samu aiki a wani shago da ke haɗa wa masu kuɗi tankin gilashi na kifin teku. Akwariyom suke cewa, suna wani murɗe baki. Da na yi wa Inna bayani a waya sai ta ce, "Au, akurkin kifi?" Har yau ban ji sunan da ya fi wannan dacewa ba.

Mai shagon, Oga muke ce masa, ranar farko ya miƙo hannu. "Kawo takardar digirinka, ta asali." Na ce ga fotokwafi. Ya ce, "Aboki, na san ku. Ba ku sallama, sai dai a wayi gari kun haye tirela." Sunana Nasiru, ya gani a rubuce, amma ko sau ɗaya bai taɓa faɗarsa ba. Ina kallo ya jefa takardar a durowa ya murɗa makulli. Shekara biyar ta karatu, da albasar Baba, duk suna cikin wannan durowar.

Aikin kansa, wallahi, ya shiga raina. Kifin teku ba tarwaɗa ba ne da za ka jefa a baho ya rayu. Ruwansa dole ya yi ta zagayawa. A kusurwar tankin ana yin ɗan bango mai haƙora kamar matsefi, ruwan sama ya riƙa tsallakewa, ya bi bututu ya gangara wani ƙaramin tanki da ke ɓoye a kabad ɗin ƙasa. Can ake tace shi, famfo ya sake turo shi sama ta wani bututun. Kafin a sa bututu sai an huda gilashi, kuma nan ake gane hannu. Ba a dannawa, ba a gaggawa, ba a bari ya yi zafi. Ni laka nake zagaya wurin da ita kamar fangalin gona, in cika da ruwa, in bar bakin injin hudar ya yi ta ci a hankali. Oga ya gani ya ce, "Ka zo ka yi mana noma a shago?" Shi da ya fasa gilashi biyu a gabana, ni ko tsagewa ban taɓa yi ba.

Sai aka ba mu babban aiki a gidan wata Madam a Lekki. Tanki ne ya kai tsawon gado, a tsakiyar falo. Oga ya ce a nutsa bakin bututun da ke dawo da ruwa can ƙasa, don igiyar ruwa ta riƙa kaɗa ciyayin ta yi kyau.

Ina gani na hango matsala. Kun san tiyon ban-ruwa: ka cika shi, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka ɗora shi a kan gaɓar kanal, ya yi ta zuƙowa shi kaɗai har sai iska ta shige shi. To wannan bututun ma haka yake. Muddin famfo na turawa, lafiya lau. Da zarar an ɗauke wuta, sai ya juya ya zama tiyo, ya zuƙe babban tanki ya juye a ƙaramin.

Na ce, "Oga, mu huda ɗan rami a bututun nan, daidai ƙarƙashin fuskar ruwa. In wuta ta tafi, iska ta shiga, zuƙar ta tsaya."

"Wa ya tambaye ka?"

"A gonarmu haka…"

"Gonarku! Nan ka ga saniya? Akwai janareta mai tashi da kansa, akwai bawul mai hana ruwa komawa."

"Gishiri zai ci bawul ɗin, Oga."

"Gishiri zai ci bakinka. Ɗauko gam."

Na ɗauko gam ɗin, amma ban haƙura ba. Ya fita amsa waya, na ɗauki ƙaramin bakin inji na huda ramin. Bai kai kan ashana ba.

Ranar da za mu miƙa aiki, da tsakar rana, Madam na tsaye tana yaba kifayenta, sai aka ɗauke wuta. Ruwa ya sauka kamar faɗin yatsa biyu, sai ramin ya ja iska, ƙwarrr, komai ya tsaya cak. Ni har na fara murmushi. Madam ta ce, "Ƙarar mene ne wannan?" Oga ya leƙa, ya ga ramin, ya juyo kamar zai cinye ni.

"Madam, yi haƙuri, wannan baƙauyen ne ya ɓata mini bututu. Kai, toshe shi!"

Na ce, "Ba zan toshe ba. Shi ne ya tsayar da ruwan yanzu a gabanka."

Da hannunsa ya cusa gam a ramin, sannan ya nuna mini ƙofa. Na ce to a ba ni takardata. Ya yi dariya. "Wace takarda? Je ka kai ƙara."

Sati uku na yi ina sauke buhuna a kasuwar albasa tare da 'yan garinmu. Ku duba fa, wata albasar ma daga nan Watari aka ɗauko ta. Kullum da safe sai na je shagon, kullum a ce Oga ba ya nan, alhali ga motarsa. Baba ya kira ya ce in dawo. Na ce da wane ido zan dawo ba takarda?

Ran nan bayan azahar waya ta yi ƙara. Oga ne. "Nasiru, kana ina?" Nasiru! Ashe ya iya.

Na samu falon ya zama fadama. An ɗauke wuta, janareta na hannun mai gyara, gishiri ya daskare a bawul, rabin tanki ya bi bututu ya malale a kan dadduma da kujeru. Kifayen sun taru a ɗan ruwan da ya rage suna haki. Madam ta naɗe zani tana zabga masifa. Ita ce ta tuna cewa ranar da aka yi ƙwarrr ruwa bai zube ba, ta ce ba wanda zai ƙara taɓa mata tanki sai mai ramin nan.

Oga ya miƙo mini inji. "Yi sauri, kifi na mutuwa."

Na harɗe hannu. "Takardata."

"Za mu yi magana a shago."

"A nan za mu yi ta."

Madam ta ce, "Wace takarda?" Na faɗa mata tas. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wa direbanta ya kai shi shago ya dawo da shi, kada ya bari ya sauka ko'ina. Kada ku ɗauka na bar kifayen don in huce haushi. Suna fita na kwashe su a bokiti, ina ɗibar ruwan da kofi ina zubawa daga sama don su samu iska. Su ba su yi mini komai ba. Amma bututun nan ko kallonsa ban yi ba.

Da ya dawo na karɓa, na duba sunana da hatimi, na sa a leda na cusa cikin riga. Sannan na huda ramin. Ko minti ɗaya ban yi ba. Muka haɗa sabon ruwan gishiri muka cika, wuta ta dawo, na kashe famfon da gangan. Ƙwarrr. Ruwa ya tsaya.

Oga ya ce, "Aboki, ka zo aiki ranar Litinin." Har ya koma Aboki. Na ce, "Litinin ina kan tirela, kuma ga shi na yi maka sallama."

Da na iso gida na zauna na kwashe labarin nan kaf na faɗa wa Baba, har da zane a ƙasa, ina jiran ya ce na burge. Ya gama ji, ya ce, "Wato iska ka sa wa tiyo."

Na ce eh.

"Shi ne sai da ka ci mini albasa ka je har Legas?"

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya nufi gona. Don haka Sadiƙu, ban hana ka tafiya ba. Amma ta asalin ka bar wa Inna a ƙasan akwati, ka tafi da fotokwafi. Yanzu tashi ka ɗaga bakin tiyon can, fangalin ya cika tun ɗazu kana nan ka saki baki.