Ranar da Bakin Tiyo Ya Ƙi Shiga

Mai girma shugaban taro, shugabannin hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi wannan birni, jami'an lafiya da na tsaro, abokan aikina masu kashe gobara, iyayena da ƙannena, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba wannan tsoho, direban motar kashe gobara, dama ya tsaya gaban manya. Ni sitiyari na sani, ba lasifika ba, in na yi tuntuɓe a yi min afuwa.

Na farko, labari ne. Bara, da azahar, wuta ta kama layin teloli da ke bakin iyakarmu. Ruwanmu ya ƙare, sai ga motar maƙwabciyar hukuma cike taf, ba wanda ya kira su, hayaƙi kawai suka hango. Lungun ya yi wa motarsu ƙunci, tiyonsu bai kai ba, sai an haɗa da namu. Bakin ya ƙi shiga. Ashe kowace hukuma ta sayo nata awon, ba ta tambayi 'yar'uwarta ba. Ni da direbansu, Dogo, ga shi can yana sunkuyar da kai kamar shi ya ƙera, muka juya, muka murɗa, har tafin hannuna ya fashe.

Wata mai ɗinki ta kama rigata ta ce, “Baba, ga ruwa, ga ku, to me ake jira?”

Shago tara suka ƙone, har da kekenta. Allah ya tsare rai, amma har yau in na hango ta sai in canja hanya don kunya.

Na biyu, roƙo ne. Takardar da ke gabanku ba ta nemi wani ya bar kujerarsa ba. Ta nemi bakin tiyo ya zama ɗaya, layin kira ya zama ɗaya, mu riƙa atisaye tare, don kada mu fara sanin juna a cikin hayaƙi. Ku sa hannu yau, kada a ce sai zama na gaba.

Na uku, ku yi haƙuri, nawa ne na kaina. Saura wata uku in ajiye aiki. Autata kuwa ta shiga wannan aikin, na hana ta ƙi ji, taurin kan uwarta gare ta, kuma tashar su Dogo ce ta ɗauke ta. Ina alfahari da ita, ina kuma jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Wata rana za ta kutsa cikin wuta riƙe da tiyo, ruwan da zai biyo bayanta na wata hukuma ne. Ina roƙonku, shugabanni, ku sa ruwan nan ya iso hannunta.

Allah ya tsare birninmu, ya haɗa kawunanmu, ya maido kowane ɗa da kowace 'ya gida lafiya bayan aiki. Na gode.