Mun Tsare Hotonta, Mun Kori Hayaƙinta

Assalamu alaikum. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Shugabannin marina, masaƙa da maƙera, sannunku da zuwa. 'Ya'yan marigayiya da jikokinta, Allah ya ba ku haƙuri.

An ce ni zan yi magana, tunda ni na zana fuskar Inna Mai Tulu a bangon gada. Da kun san kunyar da nake ji, da kun zaɓi wani.

Ta kasance tana ginin tukwane tun kafin a haifi yawancinmu. Ta kasance idan kogi ya janye, ita ke fara sauka da kwando, ta murza yumɓu tsakanin yatsu, ta ce wannan ya yi, wancan yashi ne. Ta kasance ba ta sayar da tulu sai ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta saurara. In ya yi amo kamar mai mura, a gabanka za ta fasa shi. Na taɓa roƙonta wani tulu mai tsaga in zuba fenti, ta ce, "Kai ɗan nan, so kake a gani a ce aikina ne?"

Da baƙi suka gano unguwarmu, suna zuwa kallon zannuwan marina shanye a bakin ruwa, suna tsayawa jin ƙarar masaƙa, sai kanmu ya kumbura. Muka share layi, muka fente ƙofofi, na zana Inna da tulu a cinya. Har layi ake yi don ɗaukar hoto da zanen.

Wata uku, hayaƙin wurin da take gasa tukwane ya fara dusashe fentin. Ni na kai ƙara kwamitin unguwa. Ni, ba wani ba. Muka yanke a mayar da wurin gashin kan tudu, bayan tasha, kuma babu wanda ya ce a'a. Da muka gaya mata, cewa ta yi, "To, hoton ne zai gina muku tulu?" Muka yi dariya.

Shekara huɗu tana hawa tudun nan da yumɓu a ka, ga ciwon gwiwa. Wata rana ta tsaya hutawa a gindin bangon, wani baƙo ya ce, "Tsohuwa, ɗan matsa, kin tare mana." Ta ɗauki kwandonta ta matsa. Ina wurin. Wallahi a kan idona aka yi.

Yaya, ke ce babbar 'yarta, kuma ke kaɗai kika gaji hannunta. Jiya mun zo muka ce a dawo da wurin gashi inda yake. Kika ce, "Yanzu?" kika koma ɗaki. In kika bar sana'ar, ta ƙare a unguwar nan, kuma mu muka jawo. Ba ma matsa miki. Filin yana nan a share, muna jira.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Allah ya sa ta yafe mana kafin ta tafi, don mu dai ba mu roƙa ba. Amin.