Sharar Unguwarmu Ta Shigo Aji

Assalamu alaikum, Malama mai gabatar da shiri. Ni malamin makaranta ne a Malanville.

Da yawanmu mun ɗauka canjin yanayi kaɗai ke kawo mana ambaliya. Gaskiya ne ruwan sama ya ƙara ƙarfi, amma ku ji abin da na gani.

Ran Talata hadari na tasowa, sai kowane gida ya fito da kwandon shara yana juyewa cikin kanibo, wato magudanar ruwa. Na ce wa maƙwabciyata, "Inna, me ke nan?"

Ta yi dariya, ta ce, "Haba Malam, ga mai kwashewa kyauta ya zo! Zai kai ta gulbi."

Bai kai ba. Ledoji suka toshe kanibon, ruwa ya juyo cikin ajina da ruɓaɓɓiyar albasa da kashin yara. Wallahi sai da na yi amai. Ɗalibaina masu shirin jarrabawa, har da jikar maƙwabciyar tawa, suna zaune gida.

Ina gaishe su, su yi haƙuri. Jama'a, kafin hadari na gaba, kowa ya ɗauki manjagara ya yashe kanibon ƙofar gidansa, ya ga inda ruwan zai bi.